Darasi: Yadda Ƙungiyoyin Ƙwadago Suka Fara Haɗuwa Ƙarƙashin Uwa Ɗaya a Najeriya

Yawancin mutanen ƙasar Kirikasamma ba 'yan albashi ba ne. Manomi kaka yake jira, masunci yana lura da zuwan ruwa da janyewarsa, makiyayi yana bin ciyawar fadama. Amma da wuya a sami zuri'ar da ba ta da malamin firamare, ko ma'aikacin asibiti, ko na ƙaramar hukuma, wanda albashinsa ke ciyar da bakuna da yawa. Ranar da aka yi albashi, mai shago da mahauci da mai sayar da hatsi duk suna sani ba sai an faɗa musu ba. Wancan albashin kuwa, da fanshon da ke biye da shi, da hutun da ake ba ma'aikaci, ba daga sama suka faɗo ba. Akwai mutanen da aka kora daga aiki saboda su, akwai waɗanda aka tsare, akwai waɗanda aka harbe. Wannan darasi labarinsu ne.

Daga ina ɗan albashi ya fito?

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. A 1930 aka kammala reshen da ya tashi daga Kano zuwa Nguru, ya ratsa ta Ringim da Malam Madori da Birniwa. Saboda gyaɗa da fatu aka shimfiɗa shi, kuma shi ya mai da Malam Madori tashar da kayan ƙasar Haɗeja ke bi su tafi bakin teku. Tare da jirgin sai ga wani irin mutum da ƙasar ba ta saba da shi ba: direban jirgi, mai zuba wa inji gawayi, akawun tasha, mai buga waya, leburan gyaran layi, da masu aiki a kantunan kamfanonin Turawa. Abincin waɗannan ba a rumbu yake ba, a hannun mai biyan su yake.

Da ma muna da tsarin sana'a namu. Akwai Sarkin Ruwa, akwai Sarkin Pawa, akwai Sarkin Maƙera, kowa yana kula da mutanensa yana kai kukansu fada. Sai dai masunci da mahauci da maƙeri masu cin gashin kansu ne, kuma sun san fadar da za su je. Ma'aikacin reluwe kuwa wanda ke yanke masa albashi yana Legas, wanda ke ba wancan umarni yana Landan. In ya yi ƙorafi shi kaɗai, a sallame shi da safe, a ɗauki wani kafin azahar. Wannan rashin ƙarfi na mutum ɗaya shi ya haifi ƙungiyar ƙwadago: ma'aikatan wuri ɗaya ko sana'a ɗaya su haɗa baki, su haɗa kuɗi, su zaɓi masu magana da yawunsu, in magana ta ƙi su ajiye aiki tare.

To, mece ce uwar ƙungiya, wadda ake kira haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago? Mutanen da ke zaune bakin rafin Marma sun san abin da ciyawar kacala ke yi wa hanyar ruwa. In ƙauye ɗaya ya fito ya sare ta a gabansa, na sama da na ƙasa suka zauna, ruwa ba zai wuce ba, wahalar ta tafi a banza. Sai garuruwan da ke kan rafin duka sun sa rana ɗaya. Haka ƙungiyar malamai da ta reluwe da ta gidan waya suke: kowace tana iya gyara ɗan abin da ke gabanta, amma tsadar rayuwa da dokar aiki da mafi ƙarancin albashi sun fi ƙarfin kowace ita kaɗai. Uwar ƙungiya ƙungiyar ƙungiyoyi ce. Ingila ta kafa tata a Manchester a 1868, Amurka ta yi wata a 1886, Faransa a 1895. Tamu ta zo a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu.

Kafin a sami uwa

Ƙungiyar farko da aka sani a ƙasar nan ita ce ta ma'aikatan gwamnati, wadda aka kafa a Legas a 1912. Ta manyan akawuna ce, aikinta rubuta takardun koke cikin ladabi, musamman kan yadda ake fifita Bature a kan baƙar fata a muƙami da albashi. A 1931 aka kafa ƙungiyar malaman makaranta, NUT, wadda Rabaran I. O. Ransome-Kuti ya fara shugabanta, kuma a wannan lokacin ne ma'aikatan reluwe suka ware suka yi tasu. A 1938 gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar da ta halatta ƙungiyoyin ƙwadago, ta ce mutum biyar ma suna iya yin rajista. A ido wannan sauƙi ne. Amma abin da ya haifar shi ne ƙananan ƙungiyoyi barkatai, kowane kamfani da tasa, wasu ba su da ko kuɗin hayar ofis. Wannan rarrabuwa ta bi ma'aikatan Najeriya shekara arba'in.

Ƙungiyar ma'aikatan reluwe ce ta fara karɓar takardar rajista a 1940, ƙarƙashin Michael Imoudu, wani mai aikin juya ƙarfe a ma'aikatar gyaran jirage ta Ebute Metta. Ba shi da dogon karatu, amma yana da abin da akawunan 1912 ba su da shi: leburori sun yarda da shi, kuma ba ya tsoron Gwamna. A 1941 ya ja dubban ma'aikatan reluwe a ƙafa har gidan Gwamna Bernard Bourdillon.

Yaƙi ya tsananta rayuwa. Kaya sun yi wuya, farashi ya tashi, albashi yana nan inda yake. A Arewa har aikin tilas aka ɗora wa talakawa, aka riƙa ɗibar mutane daga ƙauyuka ana kai su haƙar kuza a Jos. Ma'aikata suka matsa sai an ba su alawus na tsadar rayuwa, kuma a 1942 suka samu. A wannan shekarar ce kuma gwamnati ta yi dokar yaƙi da ta hana yajin aiki. Darasin ya fito fili: abin da aka nema tare an samu, kuma dokar hanin ba ta ware kowa ba. A ƙarshen 1942 ƙungiyoyi suka fara zama wuri ɗaya, a 1943 suka fito da uwar ƙungiya ta farko a tarihin Najeriya, wadda aka sani da TUC. T. A. Bankole ne shugaba, M. A. Tokunboh babban sakatare. Imoudu bai halarci bikin ba. Tun watan Janairun 1943 an kore shi daga aiki an tsare shi, ba a sake shi ba sai a watan Mayun 1945.

Kwana 44

Zuwa 1945 alawus ɗin 1942 ya zama ba ya sayen komai, ga shi kuma ana ƙara wa ma'aikata Turawa nasu alawus. Ma'aikatan gwamnati masu aikin hannu suka nemi abu biyu: kada lebura ya kwana da ƙasa da sule biyu da sisi a rana, kuma a ƙara kashi 50 cikin ɗari a kan alawus na tsadar rayuwa. Gwamnati ta ce ƙarin kuɗi ƙarin tsada ne kawai. Ma'aikata suka ba da wa'adi.

A nan ne abin lura yake. Da wa'adi ya kusa cika, aka tsoratar da shugabanni da dokar yaƙi, Bankole da wasu suka nemi a ɗaga yajin. Ma'aikata suka ƙi. Imoudu, wanda bai daɗe da dawowa daga tsare ba, ya tsaya tare da su. Ranar 22 ga Yuni 1945 aka ajiye aiki. Jiragen ƙasa suka tsaya, gidan waya ya yi tsit, tashar jiragen ruwa ta mutu. Mutum sama da 30,000 ne suka shiga, aka yi kwana 44 a Legas, a wasu larduna ma aka zarce haka, domin ma'aikatan can sun ƙi yarda da labarin janyewa sai sun tabbatar daga bakin nasu. Matan kasuwar Legas, ƙarƙashin Alimotu Pelewura, sun tallafa wa masu yajin. Jaridun Nnamdi Azikiwe biyu sun goyi bayansu, gwamnatin Gwamna Arthur Richards ta rufe su na wani lokaci. A 1946 kwamitin bincike na Tudor Davies ya tabbatar cewa kukan ma'aikata gaskiya ne, aka yi ƙarin kashi 50 ɗin.

Ku riƙe wannan a zuciya, domin zai maimaitu: ba shugabanni ne suka ja ma'aikata zuwa haɗin kai ba, yunwa ce ta haɗa ma'aikata, su kuma suka tura shugabanni gaba.

Tsagewa

TUC ba ta yi tsawon rai ba. Tambayar da ta raba ta ita ce: shin ƙungiyar ƙwadago ta shiga inuwar jam'iyyar siyasa, ko ta tsaya a kan albashi kawai? Ɓangaren Imoudu ya ce ba a raba cin zalin ma'aikaci da mulkin mallaka, saboda haka a tafi tare da jam'iyyar NCNC. Ɗaya ɓangaren ya ce ma'aikata ba jam'iyyarsu ɗaya ba, in an shiga wata an kori magoya bayan sauran. Kowane ɓangare yana da hujja mai nauyi, kuma har yau ba a gama wannan muhawara ba. A 1949 Imoudu da Nduka Eze suka fice suka kafa wata uwar, NNFL.

Jini ne ya sake haɗa su. Ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda suka buɗe wuta a kan masu haƙar kwal a Iva Valley ta Enugu, suka kashe mutum 21, suka jikkata 51. Gawayin da waɗannan mutane ke haƙowa shi ke tafiyar da jiragen ƙasar nan, har da wanda ke zuwa Nguru. Ƙasa ta girgiza, a 1950 ɓangarorin suka dunƙule cikin sabuwar uwa, NLC ta farko. Kafin shekara ta zagayo ta watse, bayan wani yajin ma'aikatan kamfanonin ciniki da bai yi nasara ba a ƙarshen 1950.

Daga nan sai aka shiga haɗuwa da rabuwa. A 1953 aka kafa ANTUF, a 1957 wasu suka ɓalle, a 1959 aka sake haɗuwa, a 1960 aka sake tsagewa. A 1962 aka yi babban taron sulhu a Ibadan, aka shiga da uwa biyu, ba a daɗe ba aka wayi gari da huɗu: ULC ta H. P. Adebola, NTUC wadda Wahab Goodluck ya jagoranta, NWC, da LUF ta su Imoudu da Gogo Chu Nzeribe. Ba a buƙatar ku haddace waɗannan haruffa. Abin da ake so ku gane shi ne abin da ke raba su.

Babban sashe na rigimar daga waje ya zo. Duniya ta rabu gida biyu, na Amurka da na Rasha, kuma ƙungiyoyin ƙwadago na duniya su ma sun rabu tun 1949. Kowane gida yana neman 'yan gabansa a Afirka, yana ba da kuɗi, da motoci, da gurbin karatu, da tikitin zuwa taro. ULC ta jingina da gidan Yamma, NTUC da na Gabas. Ƙungiyar da ke rayuwa da kuɗin membobinta dole ta saurare su, domin in sun fusata sai su rufe aljihu. Wadda ke rayuwa da kuɗin waje kuwa, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A ganina wannan ita ce cutar da ta fi kowace yi wa ƙungiyoyin farko illa, ta fi ma taurin kan shugabanni, ko da yake shi ma ya taka rawarsa.

Ina 'yan Arewa suke?

Za ku lura sunayen 'yan ƙwadagon da aka ambata duk na mutanen Kudu ne. Akwai dalili. Akawuna da ƙwararrun ma'aikatan reluwe da gidan waya a Kano da Zariya da Kaduna galibi 'yan Kudu ne mazauna Sabon Gari, saboda boko ya riga isa wurinsu. Ɗan Arewa mafi yawa lebura ne, sau da yawa ɗan cin rani: ya yi aikin wata huɗu ko biyar, hadari na haɗuwa ya koma gona. Irin wannan ma'aikaci yana da wuyar shiryawa cikin ƙungiya. 'Yan bokon Arewa kuma yawancinsu ma'aikatan En'e ne, a ƙarƙashin sarki suke, kuma a wancan zamani neman haƙƙi daga En'e ana iya ɗaukarsa rashin kunya ga sarauta.

Duk da haka an motsa. A 1948 Malam Aminu Kano da abokansa suka kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, shi ne babban sakatarenta, kuma daga cikin irin waɗannan malamai ne 'yan siyasar Arewa na farko da yawa suka fito. A filayen kuza na Jos an kafa ƙungiyar ma'aikatan ma'adinai ta 'yan Arewa zalla a shekarun 1950, mai kusanci da jam'iyyar NPC. A farkon shekarun 1960 Ibrahim Nock ya kafa wata haɗaɗɗiyar ƙungiya ta Arewa. Kukan da ya haifi waɗannan na gaske ne: shugabanci yana Legas, taro da Turanci ake yi, matsalar lebura Bahaushe ba ta cika hawa kan teburi ba. Amma raba ma'aikatan rami ɗaya gida biyu bisa asalinsu mai kamfani ya fi yi wa amfani. 

1964, da alkawarin maƙabarta

Bayan 'yancin kai ma'aikata suka ga ministoci suna gina gidaje suna hawa manyan motoci, albashin lebura kuwa bai motsa ba. A 1963 uwayen ƙungiyoyin da ba sa ga maciji suka kafa kwamitin haɗin gwiwa, suka tilasta wa gwamnati naɗa kwamitin Mai Shari'a Adeyinka Morgan. Kwamitin ya ba da shawarar fam 12 a wata ga mafi ƙanƙantar ma'aikaci a Legas. Gwamnati ta yi ta jan ƙafa wajen fitar da rahoton. Ranar 1 ga Yuni 1964 aka shiga yajin gama-gari, Kudu da Arewa, ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni, mutum dubu ɗaruruwa. Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa ya ba su wa'adin awa 48 su koma, ba su koma ba. Ranar 13 ga wata aka janye, daga baya aka daidaita a kan fam 10 a Legas, sauran yankuna kuma ƙasa da haka. Ba a rufa shekara ba kwamitin haɗin gwiwar ya wargaje a kan siyasar zaɓen 1964.

Sai a 1974, wajen jana'izar wani jami'in ULC mai suna J. A. Oduleye a maƙabartar Apena ta Legas, shugabannin uwayen nan huɗu suka sa hannu kan alkawarin zama abu ɗaya. A watan Disambar 1975 suka ƙaddamar da NLC ta biyu, Wahab Goodluck yana shugaba. A wannan karon sun haɗa kansu da kansu ba tare da yajin aiki ko kisa ya kora su ba, amma gwamnatin soja ta ƙi amincewa da ita. Ta kafa kotun bincike ta Mai Shari'a Adebiyi a 1976, wadda ta tono batun kuɗaɗen waje, aka haramta wa shugabanni 11 harkar ƙwadago, har da Imoudu da Goodluck. Gwamnati ta naɗa kantoma, M. O. Abiodun, ya narkar da ƙungiyoyi kusan dubu suka koma 42, kowace masana'anta da tata guda. A watan Fabrairun 1978 aka ƙaddamar da NLC ta yanzu a Ibadan, Hassan Sunmonu shugaba, Aliyu Dangiwa babban sakatare. Dokar wancan lokacin ta ce ita kaɗai ce uwa, kuma a riƙa cire kuɗin ƙungiya kai tsaye daga albashi.

Wannan tsari ya ba ƙungiyoyi ƙarfi da kuɗin kansu, ya raba su da roƙon waje. Amma abin da doka ta gina doka tana iya rushewa: gwamnatin Babangida ta rushe shugabancin NLC a 1988, ta Abacha ta sake yi a 1994. Kuma kuɗin da ke shigowa ko memba ya ji daɗi ko bai ji ba yana iya sa shugaba ya manta hanyar zuwa wurin membobinsa.

Abin da ya iso gare mu, da wanda bai iso ba

A 1980, lokacin Kirikasamma tana cikin tsohuwar Jihar Kano, Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya ba da hutun ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu, kafin gwamnatin tarayya ta mai da shi na ƙasa baki ɗaya a 1981. A watan Mayun 1981 NLC ta yi yajin gama-gari, wanda ya kai ga dokar mafi ƙarancin albashi ta farko, naira 125 a wata. Daga nan aka yi ta tashi: naira 18,000 a 2011, naira 30,000 a 2019, naira 70,000 a 2024. Malamin firamare a NUT, ma'aikacin ƙaramar hukuma a NULGE, direban mota a NURTW, duk rassa ne da ke ƙarƙashin NLC.

Sai dai dokar mafi ƙarancin albashi ta ware wasu. Ba ta hau kan wurin aikin da bai kai mutum 25 ba, ba ta hau kan wanda ake biya da kamasho ko gwargwadon abin da ya yi ba, kuma ba ta hau kan aikin lokaci-lokaci irin na gona ba. Ma'ana, saurayin da ke yankan shinkafa a fadama kan kuɗin yini, da matar da ke sussuka ana biyan ta da kwano, da yaron shago, da mai lodin buhuna a kasuwar Haɗeja, duk suna waje. A ƙasarmu su ne suka fi yawa. Shekara 80 da ɗoriya bayan TUC ta farko, uwar ƙungiya ba ta iso gare su ba, kuma wannan giɓi ne da ya kamata ya dami duk wanda ke kiran kansa ɗan ƙwadago.

Aikin aji

Ku rabu gida uku ko huɗu, kowane gida ya zaɓi mai rubutu. Da farko ku tattauna abin da ya haɗa ma'aikata a 1945 da 1949 da 1964, da abin da ya raba su bayan kowace haɗuwa. Sa'an nan ku lissafa ƙungiyoyin da ke garinku, na masunta, na manoman rani, na 'yan acaɓa, na mata masu adashe, ku rubuta a gaban kowace inda take samun kuɗin tafiyar da kanta da wanda ke zaɓar shugabanta. Kafin zama na gaba, kowa ya nemi dattijo ɗaya da ya taɓa aikin reluwe, ko na En'e, ko koyarwa, ya tambaye shi nawa ne albashinsa na farko, me yake saye da shi, kuma ko ya taɓa shiga yajin aiki. Ku rubuto amsarsa cikin layi biyar, za a karanta a aji.